Wasan kwaikwayo kan Buckminster Fuller

Ranka ya daɗe Edita,

A ba ni fili in yi magana kan wasan da D.W. Jacobs ya rubuta game da Buckminster Fuller, wanda aka fara nunawa a San Diego ta Amurka a 2000. Ɗan wasa ɗaya tilo ne a dandamali, yana warware tunanin mutumin da ya ƙera mota mai ƙafa uku a 1933, ya kuma zana katafariyar rumfa mai siffar ƙwallo a Montreal a 1967. A tarihinsa, shekarar 1927 ta fi ratsa ni. Karayar arziki da rasuwar 'yarsa sun kusa sa shi ya halaka kansa, amma ya dawo ya duƙufa neman wa jama'a muhalli mai araha. Don Allah ku kawo mana cikakken sharhin wasan.

Naku,
Mai karatu