Gonar Kaka, Ƙasar Wa?

Tsakanin 1788 da 1868, Birtaniya ta kwashi fursunoni kimanin 162,000 ta kai su Ostireliya, daga cikinsu akwai dubban 'yan Ayalan. Misali John Kelly, mutumin Tipperary, mahaifin ɗan fashin nan Ned Kelly. Aladu biyu ya sata aka yanke masa shekara bakwai. Da ya gama wa'adinsa sai ya koma yankin Victoria ya kama noma.

A da, jikokin irin waɗannan mutane ɓoye asalinsu suke yi don kunya. Yau kuwa da alfahari ake bin diddigin kaka, musamman tun 1988 da gwamnatin Ayalan ta ba Ostireliya kwafen takardun fursunonin.

A ganina alfaharin nan bai cika ba. Gaskiya ne an zalunci kakannin, domin talauci ya sa da yawansu sata. To amma eka talatin da gwamna ya riƙa ba 'yantaccen fursuna, daga hannun wa aka ƙwace ta? Daga 'yan asalin ƙasar ne, waɗanda aka kora daga filayensu da bindiga. Mai rubuta tarihin gidansu ya kamata ya nemi sunan ƙabilar da ke wurin kafin kakansa ya kafa garma, ya rubuta shi kusa da sunan jirgin da ya kawo shi.