TAURARIN GIDAJEN TSOFAFFI

Tun cikin watan Disamba na 2008 Gwamnatin Amurka ta fito da wani ma'auni na auna gidajen jinyar tsofaffi, waɗanda yawansu a ƙasar ya kai wajen 15,000. Kowane gida ana ba shi taurari daga ɗaya zuwa biyar, domin mutumin da zai kai mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya san inda za a riƙe masa su da amana. Abu uku ake dubawa, watau sakamakon ziyarar sufetocin lafiya, da yawan ma'aikatan jinya, da kuma halin da tsofaffin suke ciki, kamar yawan masu faɗuwa su ji rauni da masu samun gyambon kwanciya.

Niyyar kyakkyawa ce, babu mai musu. To, amma fa daga cikin ma'aunan nan uku, guda ɗaya ne kaɗai hukuma take zuwa ta gani da idonta. Sauran biyun, shekara da shekaru, masu gidajen ne suke rubutawa da hannunsu su aika, alhali kuwa yawancinsu 'yan kasuwa ne, kuma tauraro shi ne tallansu. Wannan ai ba wa kura ajiyar nama ne.

Abin da ya biyo baya bai ba kowa mamaki ba. Sa'ad da aka tilasta wa gidajen su riƙa miƙa takardun biyan albashi, aka fara lissafin taurari da su a 2018, sai ta bayyana cewa yawancinsu ba su da ma'aikatan da suka ce suna da su, musamman ranakun Asabar da Lahadi. A shekarar nan aka rage wa gidaje kimanin 1,400 darajarsu ta fannin ma'aikata.

Wanda ya fi wannan muni shi ne batun magani. Akwai magungunan taɓin hankali masu ƙarfi waɗanda in aka ba tsoho mai ruɗewar tsufa sai ya yi laƙwas, ba magana, ba motsi, ma'aikaci ya huta, ga shi kuwa an san suna iya gaggauta mutuwarsa. Saboda haka hukuma ta sa yawan ba da su cikin abin da ke rage wa gida daraja, amma ta cire masu ciwon haukan nan da likitoci ke kira sikizofiriniya daga lissafi, tun da su maganin ya dace da su. Shi ke nan sai ƙofa ta buɗe. Jaridar New York Times ta bincika a 2021, ta tarar an rubuta wa mutum ɗaya cikin kowane 9 na mazauna gidajen wannan ciwo, alhali a cikin sauran jama'a bai wuce ɗaya cikin 150 ba. Ciwo ne da ya saba bayyana tun mutum yana saurayi. Yaya za a yi ya auka wa dattijai birjik bayan sun haura saba'in? Sai a Janairun 2023 hukumar ta soma binciken takardun, tana mayar da masu ƙarya tauraro ɗaya a wannan fanni.

Wannan magana ta shafi jama'ar Arewa mazauna Ikko da Badun da sauran biranen Kudu fiye da yadda ake zato. Kunya ba ta barin Bahaushe ya kai iyayensa gidan jinya, kuma wannan abin yabo ne. Amma a Agege da Idi-Araba da Sabo akwai dattijan da suka ƙare ƙarfinsu a gadi da dako da fataucin goro, ba ɗa kusa, ba hanyar komawa gida. Gwamnatin Jihar Legas tana da gidan tsofaffi a Yaba, masu zaman kansu kuma suna ta buɗe nasu. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Tsofaffi ta Ƙasa a 2018, ta kuwa fara aiki a 2021.

Lalle ne wannan Cibiya da gwamnatocin jihohi su guji kuskuren Amurka. Kada a karɓi lissafin ma'aikata sai da takardar albashi. Sufeto ya riƙa zuwa ba sanarwa, da dare da ranar hutu, ya ɗaga mayafi ya duba bayan tsoho da ɗuwawunsa, ya ƙirga ƙwayoyin da aka ba shi, sa'an nan ya zauna da shi su yi magana ba ma'aikaci a kusa, da harshen da yake ji. Sarakunan Hausawa na unguwannin nan su ma ya kamata a ba su izinin shiga duba mutanensu, kuma a liƙa sakamakon kowace ziyara a ƙofar gidan inda mai wucewa zai karanta.