Asalin Dabba: Me Ya Sa Ya Kamata Makiyayi Ya Rubuta Shi?

Idan ka je kasuwar Turaku ta birnin Yamai sayen karsana, dillali zai nuna maka ƙahonta, da haƙoranta, da hantsarta. Amma da wuya ya iya faɗa maka wace ce uwarta, nono nawa take bayarwa, ko wane bijimi ya haife ta. Wannan rashin sani yana jawo hasara ga masu kiwo a ƙauyukan bakin kogi irin su Tondibiya, waɗanda suka dogara ga sayar da nono a birni.

Yadda abin ya faro

Kula da nasabar dabba daɗaɗɗen abu ne. Larabawa sun haddace salsalar dawakinsu, har wani malami mai suna Ibn al-Kalbi ya rubuta littafi a kan nasabar dawaki fiye da shekara 1,000 da suka wuce. A Ingila an buga littafin asalin dawakin sukuwa a 1791, sa'an nan na shanu ya biyo baya a 1822. Daga nan ne takardar asali ta shiga ƙara wa dabba kuɗi a kasuwa.

Amma akwai darasi a ciki. Dawakin sukuwar Ingila na yau, ta wajen uba, duka suna komawa ga ingarmu uku ne kawai da aka kai daga ƙasashen gabas, galibinsu ma ga guda ɗaya. Idan jini ya ƙuntata haka, dangi na ta hawan dangi, kuma duk wani lahani da ke ɓoye a cikin zuriya yakan fito fili.

A ƙasar Nijar

Makiyayanmu ba su jira takarda ba. Wurin Fulani Bororo, maraƙa takan gaji sunan uwarta, kuma dattijo yana iya lissafa iyaye da kakannin saniya da ka. Kafin ya ari bijimi, sai ya bincika halin uwarsa: juriyar tafiya, da yawan nono, da sabo da mutane.

Hukuma kuwa ta bi hanyar rubutu. A gandun kiwo na Tukunus, kusa da Filinge, tun 1954 ake zaɓen shanun Azawak, ana rubuta haihuwarsu da nonon da suke bayarwa. A Maraɗi an kafa cibiyar kiwon jar akuya, wadda fatarta ta yi suna har Turai. A Sayam ta jihar Difa ana adana shanun Kuri na tafkin Cadi.

Abin da ya canja

Fari na 1973 da na 1984 ya raba makiyaya da yawa da garkunansu. Shanu masu ɗimbin yawa suka koma hannun 'yan kasuwa da ma'aikata, waɗanda ke ba ɗan haya kiwo. Ɗan haya bai gaji tarihin garken ba, mai garken kuma yana birni. Bugu da ƙari, yanzu ana yi wa shanun gida barbara ta hanyar allura da irin bijiman Turai. 'Ya'yan farko sukan fi iyayensu nono, amma idan aka ci gaba da haɗawa ba lissafi, jikoki sukan rasa juriyar zafi da cuta, su kuma buƙaci abincin da talaka ba ya iya saye. Haka nan irin gida na bakin kogi, kamar shanun Jalli da tumakin Kundum masu ulu, suna iya narkewa cikin wasu ba tare da an ankara ba.

Shawara

Ba sai ka yi zurfin karatu ba. Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci zai iya, ko da boko ko da ajami. Ka nemi littafi guda, ka ware wa kowace dabba shafi, ka rubuta:

1. Sunanta, da kamanninta, da lambar kunnenta in akwai.
2. Sunan uwarta da na ubanta, da garken da uban ya fito.
3. Wata da shekarar haihuwarta, da na kowane ɗa da ta haifa.
4. Nonon da aka tatsa, sau ɗaya a wata, da ma'auni guda ba canji.
5. Rigakafi da cututtukan da ta yi.

Kada ka bar bijimi ya hau 'yarsa ko uwarsa. Ka yi musanya da maƙwabci kafin 'ya'yansa mata su isa barbara. Idan an yi wa saniyarka allurar iri, ka tambayi malamin dabbobi irin bijimin, ka rubuta nan take. Ka sa mai tatsa, wadda sau da yawa uwargida ce, cikin wannan aiki, domin ita ta fi kowa sanin abin da ke shiga ƙwarya.

Sunan kakanni kaɗai ba ya sa saniya ta yi nono. Sai an haɗa asali da abin da aka auna, sa'an nan za ka san wadda za ka riƙe da wadda za ka sayar. Ka zauna da dattawan da suka san garkenka tun suna raye, ka rubuta abin da suka haddace.