Mun Iya Ƙin Allura, Ba Mu Iya Yin Ta Ba

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, yau da ku nake, ba da mutanen ƙauye ba. Mun daɗe muna zaginsu, wai jahilci ke sa su ɓoye 'ya'yansu in masu rigakafi sun shigo unguwa. To, mu 'yan boko me muka tsinana?

Gaskiya dai tsoron nan ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, ai ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Amma dubi abin da tsoron ya haifar. A 2003 aka dakatar da ɗigon rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa, wai yana hana haihuwa. Alhali abin da ke cikinsa ƙwayar cutar ce da aka raunana, don jiki ya gane abokin gaba kafin na gaske ya iso. Masu digiri nawa ne suka tsaya suka yi wa iyayensu wannan bayani da Hausa? Wasu ma da bakinsu aka hura wutar. Cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20, yara suka shanye, kuma Nijeriya ba ta samu shaidar rabuwa da asalin ƙwayar ba sai 2020.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda rigimar ta ƙare. A 2004 Kano ta amince bayan an kawo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Madalla. Amma wa ya tambaya, don me Indunusiya ta iya mu muka kasa? Ba kuwa don ba mu taɓa iyawa ba. A Yaba ta Legas an yi shekaru ana haɗa allurar agana da ta shawara da ta cizon mahaukacin kare. A 1991 aka rufe wurin da sunan gyara, shiru kake ji. A Vom kuwa an ci gaba da yi wa dabbobi tasu. Wato saniya ta samu ta gida, ɗan mutum sai ta roƙo! Ga Dakar nan kusa, Cibiyar Pasteur tana yin ta shawara tun kafin ƙasashenmu su sami 'yancin kai.

Haba jama'a! Kowace shekara sassan haɗa magunguna da na nazarin ƙwayoyin cuta suna yaye ɗaruruwa, a yi bikin hula da riga, a watse. Majalisar ɗalibai ta sha rufe makaranta a kan kuɗin rajista da wutar ɗakin kwana. Ban taɓa jin ta rubuta wa ministan lafiya ko da shafi ɗaya a kan ɗakin Yaba ba.