Faifan Ƙwaƙwalwa: Abin Da Ya Sa Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Sau da yawa akan ga malami ya yi wa almajirinsa tambayar lissafin ka, ko maigida ya aiki yaro da saƙo biyar a numfashi ɗaya, in yaron ya kasa sai a ce daƙiƙi ne. Alhali kuwa binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna cewa sau tari laifin na mai ɗora kayan ne.

Ƙwaƙwalwa tana da ma'ajiya iri biyu. Ta farko kamar rumbu take, inda sunayen dangi da harshe da karatun shekara da shekaru ke jibge. Ta biyu kuwa kamar faifai ce, wanda akan zuba ɗan hatsi a kai don a yi tsinta. A kan wannan faifai ne mutum ke riƙe abin da yake aiki da shi a nan take. Misali, in an ce ya buga 17 sau 6 da ka, sai ya fara da 10 sau 6 ya sami 60, ya riƙe ta, ya nemo 7 sau 6 daga rumbu ya sami 42, kana ya haɗa su zama 102. In sittin ɗin nan ta zame kafin ya gama, lissafi ya rushe ke nan.

To, ina iyakar faifan? Cikin shekarar 1956 wani malami a Jami'ar Harvard ta Amurka, George Miller, ya ce abin da mutum ke iya riƙewa lokaci guda kamar abu bakwai ne, da ƙarin biyu ko ragin biyu. Amma a 2001 Nelson Cowan ya sake auna shaidun, ya ce in an hana mutum dabarar maimaitawa da ta haɗa abubuwa, to adadin bai wuce kamar huɗu ba.

Banda ƙanƙanta, abin da ke kan faifan ba ya daɗewa. A 1959 Lloyd Peterson da Margaret Peterson sun riƙa ba ɗalibai baƙaƙe uku, sa'an nan su sa su ƙidaya da baya uku-uku don kada su sami damar nanatawa. Bayan daƙiƙa 18 kacal, abin da ɗaliban suka tuna bai fi kamar ɗaya cikin goma ba.

Cikin 1974 waɗansu masana biyu na Ingila, Alan Baddeley da Graham Hitch, suka bayyana cewa wannan wuri ma'aikata ce mai sassa uku. Akwai sashen sauti, watau muryar zuci da mutum ke nanata magana da ita. Akwai sashen siffa da wuri, wanda tela ke amfani da shi in yana auna yankan yadi a ransa. Akwai kuma sarkin aiki mai raba hankali tsakaninsu. Binciken da ya biyo baya a 1975 ya nuna cewa sashen sauti yana ɗaukar abin da mutum zai iya furtawa cikin kamar daƙiƙa biyu ne, shi ya sa gajerun kalmomi suka fi dogaye sauƙin riƙewa. Wannan tsari ya kuma bayyana dalilin da ya sa mutum ke iya sauraron magana yana saƙa, amma ba ya iya ƙidayar kuɗi yana bin zance, gama ayyukan biyu sashe ɗaya suke nema. Lalle taura biyu ba ta taunuwa.

Shaidar cewa faifai daban rumbu daban ta fito daga wani Ba'amurke, Henry Molaison, wanda aka yi wa aikin ƙwaƙwalwa a 1953 saboda farfaɗiya. Bayan aikin yana iya riƙe lamba muddin hankalinsa na kanta, amma da an ɗauke masa hankali sai ta ɓace, domin hanyar kai sabon abu rumbu ta yanke. Haka ya zauna har rasuwarsa a 2008.

Dabarar da ta fi amfani ita ce ɗaure abubuwa dami-dami. Lambar waya ta Nijeriya alƙaluma 11 ce, ta fi ƙarfin faifai, amma in an kasa ta huɗu, uku, huɗu, sai ta zama dami uku. Ilmin da ke rumbu shi ke ba da igiyar ɗaurin, shi ya sa gwani ke ɗaukar abin da ɗan koyo ba ya iyawa.

Saboda haka ya kamata malami ya riƙa kasa darasi gaɓa-gaɓa, ya rubuta matakan a allo, ya bar yaro ya gama da ɗaya kafin ya ɗora wani. Ma'aikacin asibiti kuma, in yana bayanin shan magani, ya taƙaita, ya sa majiyyaci ya maimaita, ya kuma rubuta masa, gama tsoro da damuwa suna cinye wuri a kan faifan. Direba shi ma ya ajiye waya, tun da hankalin da yake rabawa ɗaya ne, rayukan fasinja kuwa suna wuyansa.