A gwada mota a cunkoson Yamai, ba a kan hanyar Doso ba

Malamin makaranta a wannan yanki namu na Arewa ba ya sayen mota sau biyu cikin shekara goma. Yawancinmu babur ne abin hawanmu, malaman kwantaragi kuwa ko babur ɗin sai da dabara. Wanda ya kai ga mota, ko dai ya ci bashin banki ana zare masa daga albashi wata-wata, ko ya haɗa kuɗin adashe da na wake da na bijimin da ya yi shekara yana kiwo. Motar kuma ba sabuwa ba ce, ta riga ta gama rayuwa guda a Turai ko Amurka kafin ta hau jirgin ruwa. Da can ta Kotono suke shigowa, su biyo Gaya su wuce Doso. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar Benin, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, farashin mota da na kayan gyara ya hau. Wanda ya sayi mota mai ciwo yanzu zai daɗe yana biyan bashin abin da ke fake a ƙofar gida.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke gwajin mota kafin mu biya. Dillali ya ba ka makulli, ya zauna gefenka, ya ce: “Mushe, mu fita hanyar Doso ka ji yadda take gudu.” Ku hau kwalta, ka taka totur, mota ta miƙe kamar an zuba ruwa a gangare, ka dawo kana murmushi. A ganina wannan gwajin shi ne ya fi kowane ɓoye ciwon da ya fi tsada a jikin mota, wato ciwon akwatin giya, wanda makanikanmu na Nijar ke ce wa buwat, na Najeriya kuma giyabos.

Ga dalili. A motar otomatik, man giya aiki uku yake yi: yana shafe ƙarafa, yana kwashe zafi, kuma shi ne ke matse faya-fayan da ke riƙe kowace giya. Tsakanin inji da akwatin akwai wani ƙoƙon ƙarfe cike da wannan mai, shi ke miƙa ƙarfin inji zuwa ga tayoyi. Idan kana tsaye a jar wuta, giya na kan D, ƙafa na kan birki, inji yana ta dama man nan a cikin ƙoƙon ba tare da mota ta motsa ba, kuma damun nan zafi yake haifarwa. A buɗaɗɗiyar hanya kuwa ƙoƙon yana kullewa ya juya tare da inji, giya ta hau ta ƙarshe ta zauna, iska tana dukan lagireto. Daga Yamai zuwa Doso kilomita kusan 140 ne, amma akwatin giya hutawa yake yi a yawancin tafiyar. Wahalarsa tana cikin gari, inda za a tashi, a tsaya, a ja taku biyar, a sake tsayawa. Idan mai ya yi zafi sai ya tsinke, robobin da suka tsufa su fara sakin matsi, faya-fayan da suka cinye su fara zamewa. Duk wannan ba ya fitowa a minti biyar na farko.

Saboda haka hanyar gwajin da nake ba abokan aiki shawara ita ce mafi muni da za su samu. A taso daga wajen tashar Wadata, a biyo ta Babbar Kasuwa da Katako, a haye gadar Kennedy zuwa Harobanda, a juyo, kuma a yi hakan da tsakar rana lokacin da ake tashi daga lakkol da ma'aikatu. Idan a watan Afirilu ko Mayu ne, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, to an samu alƙali mai adalci. A kashe rediyo. Dillali mai son kunna waƙa da ƙarfi lokacin gwaji, ni ban cika yarda da kunnensa ba.

Alama ta farko tana zuwa tun mota ba ta motsa ba. Ka taka birki, ka mayar da giya daga P zuwa D, ka ƙirga a ranka. Lafiyayyar giya tana kamawa kusan nan take, da ɗan motsi mai laushi. Idan sai ka ƙirga uku ko huɗu sannan ta kama, ko ta kama da bugu kamar an daki mota daga baya, akwai magana. Ka yi haka da R ma, domin sau da yawa ribas ce ke fara tona asiri. Wannan gwajin sau biyu ake yin sa, da inji mai sanyi da kuma bayan an sha cunkoso, shi ya sa yake da kyau ka je da sassafe ka ɗora hannu a kan bonet kafin a tayar. In ka tarar da ɗumi, an riga ka tashi, kuma kana da damar tambayar dalili.

Ta biyu ita ce zamewa, kuma ita ta fi yaudarar mutane. Hanya ta buɗe a shataletale, ka taka totur, ƙarar inji ta hau, allurar da ke nuna juyin inji ta yi sama, amma mota ba ta ƙara sauri daidai da ƙarar ba, sai can ta fizga. Wanda bai sani ba cewa zai yi inji ne mai ƙarfi. Ai ƙarfin ne ke zubewa a hanya kafin ya isa taya. Haka nan idan giya tana ta hawa da sauka ba tare da ka canza takun ƙafarka ba, ko jikin mota ya ɗauki karkarwa a matsakaicin gudu kamar kana bin hanya mai tsakuwa alhali kwalta sumul take. Akwai kuma motocin da kwamfutarsu, in ta ga matsala, take kulle su a giya guda don kada su ƙarasa lalacewa. Irin wannan za ka ji ta yi nauyi wajen tashi, ta ƙi hawa gaba, in an kashe an sake tayarwa ta warware na ɗan lokaci. Masu mota da yawa suna ɗaukar wannan kashe-a-tayar a matsayin magani, suna yi har wata shida.

Bayan an dawo, kada a kashe inji tukuna. A tsaya a wuri mai daidai, a zaro sandar auna man giya idan motar tana da ita (a yawancin Toyota da inji yana aiki ake aunawa, a tsofaffin Honda kuwa bayan an kashe), a goga a farar takarda. Mu malamai ba mu rasa takarda a aljihu. Sabon mai ja ne garau. Wanda ya yi aiki yana komawa ruwan ƙasa, wannan ba laifi. Baƙi mai warin ƙuna, ko mai ɗan ƙyalli na garin ƙarfe, yana gaya maka faya-fayai sun ƙone. In kuma ka ga ya yi kamar an zuba nono a jan shayi, ruwa ya shiga, galibi ta bututun sanyaya man da ke ratsa cikin lagireto, ko kuma motar ta taɓa nutsewa. Wannan a bar ta kawai. Mai da ya yi sabo fil a tsohuwar mota ma abin tambaya ne: wa ya canza shi jiya, kuma me ya ji kafin ya canza? Sai a leƙa ƙasa a ga ko akwai jan ɗigo. Fitilar inji da ke gaban direba kuma, idan an murɗa makulli kafin a tayar dole ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ko kaɗan ba, an cire ƙwanta ko an lulluɓe shi.

Mai giyar hannu lamarinta ya fi sauƙin karantawa. A sa giya ta huɗu ana tafiya a hankali, a taka totur sosai. In inji ya yi kuka mota ba ta bi shi ba, kuloci ya cinye, wanda a nan muka fi sani da ambarayaji. In giya tana gurzawa wajen shiga ta biyu, ko tana fitowa da kanta idan an saki totur, ciwon yana cikin akwati. Cunkoso ne ke cin kuloci, musamman a hannun direban da ke jingine ƙafa a kansa ko yake riƙe mota da shi a hawa maimakon birki. Duk da haka, ga wanda zai zauna da mota a Dogon Kiriya ko Matankari, ni giyar hannu nake zaɓa. In batir ya mutu ɗalibai huɗu sun isa su tura ta ta tashi, otomatik kuwa ba ta tashi da turi. Makaniken Dutsi ya san cikinta, kuma canza kuloci bai kama ƙafar sayen wani akwatin otomatik ba. Na san malamai mata da dattawa masu ciwon gwiwa da otomatik ta fi yi wa daɗi, kuma uzurinsu karɓaɓɓe ne. Su ne ma suka fi bukatar gwajin da nake magana.

A nan dole in kare giya daga ƙazafi, domin ba kowace ƙara ce tata ba. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji idan an murɗe sitiyari ana juyawa, yawanci gaɓar sandar da ke juya tayar gaba ce. Bugun da ake ji wajen tashi na iya zama robar da inji ke zaune a kai ta yage. Inji mai tsallake wuta saboda fulogi ma yana sa karkarwa. Waɗannan gyaransu kaɗan ne. Duk makaniken da ya ce a sauke buwat tun bai auna mai ba, bai tuƙa motar ba, a nemi na biyu.

Wani zai ce, mu da muke ƙauye ina ruwanmu da cunkoson Yamai, sau nawa muke shiga can a shekara? Amsar tana ƙarƙashin ƙafarmu. Rairayin hanyoyin ƙauyukanmu yana yi wa akwatin giya abin da cunkoso ke yi masa, har ya fi: inji yana aiki da ƙarfi, mota tana jan ciki, babu iskar da za ta sanyaya komai. Idan ta kafe, sai direba ya shiga D, R, D, R yana taka totur, yara suna turi suna ihu, cikin ƴan mintuna mai ya dahu. Abin da ya fito a matsayin ɗan jinkiri a gaban Katako, shi ne zai zaunar da kai tsakanin gari da gari, inda ba inuwa ba layin waya, a zamanin da ba mai son dare ya same shi a daji. Sannan a ɗauro igiya a ja ta har Dutsi, wanda shi ma wata ɓarnar ce, domin famfon man otomatik ba ya aiki sai inji yana juyi; in an ja ta nesa tayoyin da ke tuƙi suna ƙasa, ƙarafa a bushe suke gugar juna. Ɗaukarta ake yi a bayan babbar mota.

Kuma motar malami a ƙauye ba tasa ba ce shi kaɗai. Ita ake bugawa ƙofa da tsakar dare idan haihuwa ta zo da gardama a kai mace asibitin Dutsi. Ita ke kai ƴan jarrabawar BEPC, ita ke kai yaro da katifarsa Jami'ar Abdou Moumouni. Iyayen da ba su da mota ma maganar ta shafe su. Wanda yake biyan direba kuɗin wata ya kai masa yara lakkol a Yamai ko Maraɗi, ya daure ya shiga motar rana ɗaya ya zauna gaba. Motar da giyarta ke zamewa, wata rana a tsakiyar mahaɗar hanya za ta ƙi ja, babbar mota na tahowa. In ka ji warin ƙuna ko ka ga direba yana kokawa da giya, ka ce masa: “Malam direba, a duba motar nan kafin Litinin.” Ba raini ba ne, ƴaƴanka ne a baya.

Ga waɗanda suka riga suka saya, abu ɗaya zan roƙa: kada a zuba wa giya kowane jan mai da aka gani a kwalba a bakin hanya. Toyota kanta tana da iri fiye da ɗaya, T-IV daban, WS daban, kuma motocin da ke da giyar CVT, irin Corolla da yawa na Amurka daga 2014, nasu man daban ne gaba ɗaya. Sunan yana rubuce a kan sandar aunawa ko a littafin motar. Masu kera motoci da kansu suna lissafa zafi da ƙura da yawan tsaye-tsaye a cikin aiki mai tsanani da ke bukatar a riƙa canza mai da wuri, mu kuwa duka ukun ne abincinmu.

Na san dillali zai yi ƙorafin man fetur da ɓata lokaci. Ka sayi lita biyar da kuɗinka, ka zo da makanikenka wanda kai ka biya shi, ba wanda ke shan shayi a rumfar dillalin ba. Mai lafiyayyar mota ba ya asarar komai da awa ɗaya a gadar Kennedy. In ya dage sai dai hanyar Doso, ka ce: “Na gode, Alhaji, sai na yi shawara,” ka mayar masa da makullinsa, ka tafi duba ta gaba.