Feftayid da Tamojin Fuska: Me Kuɗinmu Ke Saya?

A 'yan shekarun nan, kalmar feftayid ta mamaye kwalaben man shafawa da tallace-tallacen Instagram, har ɗalibaina mata na tambayata ko da gaske tana goge tamoji. Tambayar ta cancanci amsa, domin ƙaramar kwalba guda na iya lashe kuɗin abincin ɗaliba na mako biyu.

Feftayid gajeren jerin sinadarai ne irin waɗanda jiki ke gina furotin da su. Fata na tsayawa ne da furotin mai suna kolajin, wanda ke raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a kowace shekara bayan mutum ya haura ashirin. Sinadarin Matrixyl, na kamfanin Sederma da ke Faransa, guntu ne mai kama da ɓarɓashin kolajin. Fatan da ake yi shi ne fata ta ɗauka nata ne ya lalace, ta tashi ƙera sabo. Shi kuwa Argireline, na kamfanin Lipotec da ke Sifen, ana yi masa kirari da ƙanen Botox, wai yana sassauta tsokar fuska. Wannan kirarin ya fi ƙarfinsa, domin Botox allura ce da ke kaiwa cikin tsoka.

Matsalar tana bakin ƙofa. Masana fata sun daɗe da lura cewa sinadarin da nauyinsa ya wuce dalton 500 da ƙyar yake ratsa saman fata, alhali Matrixyl ya kai kusan 800, Argireline kuma ya doshi 900. Gwajin da aka fi kafa hujja da shi, na shekarar 2005, an yi shi ne kan mata 93 farar fata tsawon mako 12, masu binciken kuma ma'aikatan kamfanin Procter & Gamble ne. An ga sauƙi, amma ɗan kaɗan.

Baƙar fata ba ta saurin tamoji kamar farar fata. Tabo da rashin daidaiton launi sun fi damunta. Babban mai tsufar da fuska a ƙasarmu rana ce, sai bushewar hunturu, kuma man kariya daga rana da man kaɗanya sun fi feftayid araha nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne haɗin da ake sayarwa ba lambar NAFDAC, an liƙa masa sunan feftayid, alhali ciki akwai sinadaran bilicin da ke sa fata ta yi siriri, ta yamushe tun kafin lokacinta.